Ƙofar Gore da Tafkin Retba: Me Ya Tabbata, Me Aka Ƙara a Labarin Gaɓar Senegal?

A farkon 2025 abubuwa biyu suka dawo da gaɓar tekun Senegal bakin mutane. Tafkin Retba, wanda ya yi suna a duniya saboda ruwansa mai launin hoda, ya dawo da launinsa bayan ya shafe sama da shekara biyu yana kore kamar kowane kududdufi. A daidai lokacin kuma Tarayyar Afirka ta ware shekarar don neman diyyar cinikin bayi da mulkin mallaka, sai hoton ƙofar Gidan Bayi da ke tsibirin Gore ya sake bazuwa, ɗauke da adadin da aka saba liƙa mata: wai bayi miliyan 15, wani lokaci har miliyan 20, suka fita ta cikinta. Nan gardama ta tashi. Wasu suka ce ko bawa ɗaya bai taɓa bi ta ƙofar ba, wasu suka ce mai faɗin haka ɗan koren Turawa ne. Game da tafkin ma an sami masu cewa dama can kwamfuta ce ke rina hotunansa.

Tafiyar da ke tsakanin ƙofar da tafkin ba ta kai kilomita 50 ba, kuma yawancin maziyarta a mako ɗaya suke ganin su. Kowannensu yana da labarin da ake bayarwa a bakin wurin, yana kuma da wanda takardu da binciken ƙasa suka nuna.

## Shimfiɗar wurin da sunayensa

Dakar tana zaune a kan wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, kuma ƙarshensa, wato Almadi, shi ne wuri mafi nisa ta yamma a duk doron Afirka. Ƙashin bayan zirin baƙin dutse ne na tsohon aman wuta. Tuddai biyun da ake kira Mamel ragowar wannan aman ne. A kan ɗaya akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa tun 1864, a kan ɗayan kuma ƙaton gunkin da aka buɗe a 2010. Tsibirin Gore ma daga dutsen nan yake. Tsawonsa kimanin mita 900 ne, faɗinsa wajen 300, jirgin fito yana kai mutum daga Dakar cikin minti 20.

Tun daga sunaye ake fara ganin yadda labari ke kauce wa asali. Da matuƙin jirgin Fotugal Dinis Dias ya iso a 1444, bayan ya daɗe yana bin gaɓar Sahara ba ya ganin komai sai yashi, ya ga itatuwa ya kira wurin Koren Zirin Ƙasa, wato Kabu Berde a harshensu. Daga baya aka ara wa tsibiran da ke can cikin teku, nisan kilomita kusan 570, wannan suna, alhali su busassu ne, fari ya sha kashe mutanensu. Yau ƙasar Kef Bad ce ke amsa sunan, zirin da ya haife shi kuwa siminti ya cinye yawancin korensa.

Sunan ƙasar kanta haka yake. Kusan kowane ɗan Senegal zai gaya maka daga "sunu gaal" aka samo shi, wato "kwalekwalenmu" da Wolof: wai Bature ya nuna kogi yana tambaya, masunci ya ɗauka jirginsa ake nufi. Wani limamin coci ɗan ƙasar, David Boilat, shi ya rubuta wannan bayani a 1853. Masana harshe da tarihi sun fi karkata ga cewa sunan ya fito daga Zenaga, wato Sanhaja, Barbarawan da ke arewacin kogin, ko kuma daga Sanghana, garin da al-Bakri ya ambata a ƙarni na 11. Bahaushen da ya ji an ce sunan Hausa daga "hau sa" ya fito ya san irin wannan bayani: yana da daɗin ji, yana da sauƙin riƙewa, ba ya kuma buƙatar hujja kafin ya zauna. 'Yan siyasar Senegal suna son sa saboda yana ba su damar cewa duk jirgi ɗaya ake ciki.

## Labarin da ake ba mai ziyara

Gidan Bayi bene ne mai jan fenti, da matakala biyu masu lanƙwasa a tsakar gida. A ƙasa akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, an rubuta a bakin kowanne: maza, mata, 'yan mata, yara, masu taurin kai. Wani siririn lungu ya ratsa tsakiya ya ɓulle a ƙofa mai kallon teku, ita ce ake kira ƙofar da ba a dawowa. Ana gaya wa mai ziyara cewa a nan ake auna bayi, a ɗura wa ramammu wake su yi nauyi, a fitar da su ta wannan ƙofa zuwa jirgi, a jefa marasa lafiya cikin ruwa.

Mutum ɗaya ne ya gina wannan labari ya kuma raya shi: Boubacar Joseph Ndiaye, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin duniya na biyu. Shi ya riƙe gidan tun da aka mai da shi wurin tarihi a 1962 har rasuwarsa a 2009. Gwanin magana ne, kuma duk wanda ya saurare shi ya shaida hakan. Gwamnatin Shugaba Senghor, mai neman ɗaga martabar baƙar fata, ta mara wa aikin baya. A 1978 hukumar UNESCO ta saka tsibirin cikin rukunin farko na wuraren tarihi na duniya, guda 12 kacal a lokacin, ta kuma bayyana shi a matsayin cibiyar cinikin bayi mafi girma a gaɓar Afirka daga ƙarni na 15 zuwa na 19. Mandela ya zo a 1991. Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1992 ya nemi gafara. Shugabannin Amurka uku, Clinton a 1998, Bush a 2003, Obama a 2013, duk sun taka tsibirin. Lula na Barazil ma ya nemi gafara a nan a 2005.

## Bawan jigila, bawan gida, da matan da ke da gidajen

Rabin ruɗanin yana fitowa ne daga haɗa abubuwa daban-daban a kalma ɗaya. Akwai bawan jigila, wanda aka kamo daga cikin ƙasa, aka tsare shi na makonni ko watanni kafin jirgi ya kwashe shi. Akwai bawan gida, wanda ke zaune a tsibirin yana aiki: magini, kafinta, matuƙin kwalekwale, mai dakan gero, mai wanki. 'Ya'yan waɗannan su ne Hausa ke kira cucanawa, kuma a Gore ma, kamar a ƙasar Hausa, al'ada ta ɗauki sayar da su abin kunya sai in sun yi babban laifi. Ƙidayar da Faransawa suka yi a rabi na biyu na ƙarni na 18 ta nuna bayin gida sun fi rabin mazauna tsibirin.

Su wa ke da su? Galibi matan da ake kira sinyar, kalmar da ta fito daga ta Fotugal mai nufin uwargida. Mata ne 'yan Afirka ko ruwa-biyu da ke auren Turawan fatake da jami'ai auren wucin gadi bisa al'adar wurin. In mijin ya koma ƙasarsu, gida da bayi da jari su zama nata. Suna cinikin ƙaro, kakin zuma, fatu, hauren giwa, zinariya, da bayi ma. Gidan Bayi na irin wannan zuriya ne, zuriyar Pépin, kuma an gina shi ne tsakanin 1776 da tsakiyar shekarun 1780. Tsarinsa bai bambanta da na sauran gidajen attajiran tsibirin ba: iyali a sama inda iska ke kaɗawa, kaya da bayi a ƙasa.

Sai kuma bambancin tashar lodi da zango. Gore ba ta da kogin da ke shiga cikin ƙasa, ba ta da isasshen ruwan sha, sai an ɗebo daga gaɓa ko an tara na sama. Amfaninta ga Turawa shi ne tsaro da wurin da jirgi zai fake. Shi ya sa aka yi ta ƙwace ta: Holan ta riƙe ta, Faransa ta karɓe a 1677, Ingila ta mamaye ta sau da dama kafin ta mayar a 1817. Manyan hanyoyin bayi na yankin kogin Senegal ne da kogin Gambiya.

## Daga ina alƙaluman suka fito?

Cinikin bayi kasuwanci ne na masu jari, kuma mai jari ba ya wasa da lissafi. Akwai littattafan matuƙa jirage, takardun kwastan, na inshora, na haraji, da tallace-tallacen jaridun tashoshin da aka sauke mutanen. A 1969 masanin tarihi Philip Curtin na Amurka ya tattara irin waɗannan ya ce kimanin mutum miliyan 9 da rabi aka sauke a ƙetaren teku. Joseph Inikori, masanin Najeriya da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya ƙalubalance shi, ya ce ya rage adadin, wanda a nasa lissafin ya haura miliyan 15 na waɗanda aka fitar. Wannan muhawara ta sa aka ƙara tono takardu. Yau akwai rumbun bayanai da ya ƙunshi tafiye-tafiyen jirage kusan 36,000, kuma ƙiyasin da aka gina a kansa, har da cike gurbin takardun da suka ɓace, shi ne an loda mutum miliyan 12 da rabi, miliyan 10 da dubu 700 suka isa da rai.

Da aka rarraba adadin bisa yankuna, sai aka ga yankin Angola da Kwango shi kaɗai ya ba da kimanin miliyan 5 da dubu 700. Gaɓar da ta taso daga Togo zuwa Legas, inda Wida da Badagiri suke, kusan miliyan 2. Yankin Boni da Kalaba, miliyan 1 da dubu 600. Gaɓar Gana ta yau, miliyan 1 da dubu 200. Duk yankin Senegal da Gambiya kuwa bai kai dubu 800 ba, wato kashi 6 cikin 100. A cikin wannan, abin da takardu suka danganta da Gore kai tsaye yana tsakanin dubu 26 da dubu 33 a tsawon ƙarnukan.

Ko ba rumbun bayanai, lissafin kai yana nuna matsalar. Miliyan 15 ya zarce miliyan 12 da rabin da aka ƙiyasta an loda daga nahiyar baki ɗaya. A bar wannan, a ɗauki miliyan ɗaya. Jirgin bayi yakan ɗauki mutum 300 a matsakaici, ke nan ana buƙatar jirage sama da 3,000. Gidan kuwa shekara talatin da 'yan kai kawai ya yi kafin Ingila, wadda tsibirin ke hannunta a lokacin, ta haramta cinikin a 1807. Sai an ga jirgi biyu kowane mako, ba fashi, a tsibirin da ba ya iya shayar da mazaunansa. Bayan ƙofar ma duwatsu ne da igiyar ruwa ke duka, alhali ga bakin yashi mai sauƙin lodi a ɗan nesa kaɗan, inda jirgin fito ke tsayawa yau.

Ga mai karatu Bahaushe, wannan rabon yana da ma'ana ta musamman. Hausawan da aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 aka sayar kudu, ta Legas da Porto-Nobo da Wida aka fitar da su, yawancinsu zuwa Bahiya a Barazil. A can suka shirya bore a 1807, suka tayar a 1809 da 1814, wasunsu kuma suka shiga babban boren Musulmi na 1835. Mai neman sawunsu a Gore ya yi ɓatan kai. Alaƙar tsibirin da ƙasashen Hausa ta zo ne daga baya ta hanyar boko: makarantar horon malamai ta William Ponty tana nan daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930, kuma a nan Boubou Hama na Nijar ya yi karatu.

## Rigimar 1996 da matsayin kowane ɓangare

A Disamban 1996 jaridar Le Monde ta Faransa ta buga rahoton Emmanuel de Roux, wanda ya kira labarin gidan tatsuniya. Ya dogara ne da masana biyu na cibiyar bincike ta IFAN da ke Dakar, Abdoulaye Camara da Joseph Roger de Benoist. Shekara guda kafin nan Curtin ya riga ya yi irin wannan suka da kakkausan harshe, yana cewa bayin da ke fita daga Gore ba su wuce ɗari biyu ko uku a shekara ba. Abin ya yi zafi a Senegal, har aka kira taron masana a tsibirin a Afrilun 1997 don mayar da martani.

Masu suka suna cewa adadin da ya saɓa wa takardu makami ne a hannun masu musun cinikin bayi gaba ɗaya. In aka kama ka da ƙari a wuri ɗaya, sai a yi shakkar gaskiyarka a sauran wurare. Suna ƙarawa da cewa shaharar Gore ta danne wuraren da abin ya fi muni, irin su Luwanda, wadda ita kaɗai ta fitar da mutum sama da miliyan biyu da rabi, amma ba shugaban Amurka da ya je can sai Biden a 2024.

Masu kare gidan kashi biyu ne. Na farko suna jayayya da lissafin kansa. Sun ce takardun na masu laifin ne, ba sa ƙirga wanda ya mutu a hanya daga cikin ƙasa ko a tsare, takardun farkon zamanin Fotugal ƙalilan ne, kuma jirgin da aka rubuta ya yi lodi a Gambiya ko a bakin kogin Senegal mai yiwuwa a Gore ya kwana, ya sha ruwa, ya cike kayansa. Wannan hujja tana da ƙarfi wajen nuna cewa rawar tsibirin ta fi ƙarfin adadin da aka rubuta da sunansa, domin daga nan ake kula da ƙananan tashoshin Rufisk, Portudal da Jowal. Sai dai ko an ninka dubu 33 sau uku, tazarar da ke tsakaninsa da miliyan ɗaya tana nan. Kashi na biyu ba sa musun alƙaluman. Suna cewa gidan wurin tunawa ne, kamar kabarin sojan da ba a san sunansa ba, kuma zuriyar bayi daga Amurka da Karebiyan suna buƙatar wuri ɗaya da za su tsaya su yi kuka. Suna kuma tambayar dalilin da ya sa jaridar ƙasar da ta yi cinikin ce ke ɗokin rage adadin.

Akwai matsayi na uku da ya fito daga tono ƙasa. Tun farkon shekarun 2000 Ibrahima Thiaw na Jami'ar Cheikh Anta Diop yake haƙa a tsibirin. Abin da ya fi samu shi ne shaidar zaman yau da kullum: tukwanen gida, duwatsun ado, kwalaben giya, lofe, a cakuɗe tsakanin gidajen masu arziki da matsugunan bayi. Wannan ya ja hankali zuwa ga mutanen da labarin Ndiaye da sukar Curtin duk suka tsallake, wato bayin gida, waɗanda suka gina gidajen da ake ɗauka hoto, suka zauna cikin bauta har Faransa ta soke ta a 1848. Magana ce mai nauyi a Senegal, kamar yadda take a ƙasar Hausa, domin tana nuna masu bayi 'yan ƙasa, zuriyarsu da ta bayinsu kuma suna raye.

In aka auna duka, abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne: an tsare bayin jigila a Gore, kamfanin Faransa yana da kurkukunsa wanda ya rushe tuntuni, an rubuta boren waɗanda aka tsare a ƙarni na 18, kuma mai yiwuwa an ajiye wasu ƙalilan a ɗakunan ƙasa na gidajen attajirai, har da wannan. Mai cewa ba a yi cinikin bayi a tsibirin ba ya yi kuskure. Maganar miliyoyi ta ƙofa ɗaya kuwa ba ta da madogara, haka ma kiran tsibirin cibiya mafi girma.

## Tafkin da ya canza launi

Retba yana kimanin kilomita 35 arewa maso gabas da Dakar, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 3, tuddan yashi ne kawai suka raba shi da teku. Launinsa na gaske ne. Wata ƙaramar halitta dangin gansakuka, mai suna Dunaliyela salina, ita ke haifar da shi. Ba ta jin daɗi sai a ruwan da gishirinsa ya kashe kusan komai, kuma in rana ta yi zafi sai ta fitar da jan sinadari don kare kanta, irin wanda ke ba karas launinsa. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri giram 35. Ta Retba takan kai giram 380 da rani. Shi ya sa mutum ba ya nitsewa. Launin ya fi fitowa daga Nuwamba zuwa Yuni, da tsakar rana, in iska na kaɗa ruwan. Wanda ya zo da damina ko da sassafe zai iya tarar da ruwan toka-toka ya koma yana cewa an yaudare shi. Gaskiya ne kuma wasu masu tallar yawon buɗe ido suna ƙara wa hotuna ja.

A Bilma sai an haƙa ramuka an jira rana ta ƙafar da ruwa. A nan gishirin da kansa yake kwantawa a ƙasan tafki ya yi ɓawo mai kauri. Maza su shafe jiki da man kaɗe don kada ruwan ya ci fata, su shiga har ƙirji, su farfasa ɓawon da doguwar sanda, su cika kwalekwale. Mata su kwashe da daro a ka zuwa gaɓa, a tara tsibi-tsibi, kowa da alamarsa. Cikin ma'aikatan akwai 'yan Mali da Gini da Burkina Faso. Ana amfani da gishirin wajen adana kifi, ana kuma fitar da shi ƙasashen maƙwabta.

Abin da ba a cika faɗa wa mai ziyara ba shi ne wannan yanayin sabo ne. Tarin ƙwanson halittun teku da ke kewaye da tafkin ya nuna a da a haɗe yake da teku, kafin yashi ya toshe bakinsa. Dattawan ƙauyukan wurin sun tashi suna kamun kifi a cikinsa. Farin shekarun 1970, wanda ya hallaka dabbobi daga Senegal har Agadas da Katsina, shi ya janye ruwan daɗin da ke shigarsa, tafkin ya tsuke, gishirin ya taru. A lokacin ne haƙar gishiri ta zama sana'a. Tseren motocin Paris-Dakar, wanda yakan taso daga Turai ya ƙare a bakinsa har zuwa 2007, shi ya kai hotonsa duniya.

A Agusta da Satumban 2022 aka yi ruwa mai yawa, unguwannin bayan Dakar suka cika. Waɗannan unguwanni an gina su ne a cikin kwaruruwan da ake kira Niyay, wato fadamun da ke tsakanin tuddan yashi, waɗanda suka bushe lokacin fari mutane suka ɗauka filin gini ne. Magudanun da aka yi don ceton gidaje suka kai ruwan cikin tafki. Zurfinsa ya ninka, gishirin ya tsarma, halittar ta daina ba da launi, tsibin gishirin da ke gaɓa ya narke, masu haƙa suka kasa taɓo ƙasa. Sai da aka yi ta zuƙe ruwan da injuna, rana ta yi nata aikin, kafin launin ya dawo a 2025.

A nan ma ra'ayi ya rabu. Hukumomi suna jingina abin ga sauyin yanayi da ruwan da ya wuce misali, suna cewa ba yadda za a bar gidajen dubban mutane a cikin ruwa saboda launin tafki. Masu gishiri da masana muhalli suna cewa ruwan sama shi kaɗai bai taɓa yin haka ba, magudanun ne, kuma ruwan ya shigo da ƙazantar unguwanni. Suna adawa da shirin gina dubban gidaje a kan tuddan da ke tsakanin tafkin da teku, inda aka dasa itatuwan da ke riƙe yashi tun ƙarshen shekarun 1940.

## Wurare biyu da hannun mutum ya sassaƙa

A arewa, a Saint-Louis da mutanenta ke kira Ndar, wani siririn zirin yashi ne ya raba kogin Senegal da teku na tsawon kilomita kusan 30. A farkon Oktoban 2003 kogin ya cika yana barazanar cinye birnin, sai gwamnatin Abdoulaye Wade ta sa aka yanka zirin, faɗin mita 4, kimanin kilomita 7 kudu da gari, don ruwa ya sami mafita. Birnin ya tsira, kuma ambaliyar kogi ba ta sake yi masa irin wannan barazana ba. Amma cikin 'yan kwanaki yankan ya kai ɗaruruwan mita, cikin shekara goma ya kai kilomitoci. Teku ya cinye ƙauyen Dun Baba Jey, ruwan gishiri ya shiga rijiyoyi da gonakin albasa na Ganjol, masunta ɗaruruwa sun mutu wajen ratsa sabon bakin. Garin gyaran gira aka taɓa ido. Baƙon da ya ga wurin yau zai ɗauka haka Allah ya halicce shi.

A kudu kuma akwai Fajut, tsibirin da ƙasarsa da titunansa da maƙabartarsa duk ƙwanson halittun teku ne, inda Kirista da Musulmi ke kwance a tudu ɗaya a ƙarƙashin kukoki. Ana nuna shi a matsayin abin al'ajabi na halitta, alhali juji ne: ɗaruruwan shekaru mutane na cin naman suna zubar da ƙwanson har ya zama ƙasa. A yankin bakin kogin Salum an ƙirga irin waɗannan tuddai 218, a kan 28 daga cikinsu akwai kaburburan mutanen da.

## Abin da ya shafi talaka

Mazauna Gore ba su kai dubu biyu ba, kuma kusan kowane gida da baƙi yake ci: masu rakiya, masu zane, masu abinci, masu sayar da tsaraba. Tsoronsu shi ne in aka rage adadin, baƙi za su ragu. Abin da aka gani tun 1996 bai goyi bayan wannan tsoro ba, domin ziyarce-ziyarcen shugabannin Amurka uku da na Lula duk bayan rigimar aka yi su. Barazanar da ta fi kusa ita ce teku, wanda ke cin gindin gine-ginen da ke bakin ruwa, da tsadar gyaran tsofaffin gidaje da iyalai ba sa iyawa.

Ga ɗalibai da malamai, matsalar ta littafi ce. Yaron da ya haddace miliyan 20 a aji, ranar da ya ci karo da adadin gaske zai iya zargin duk abin da aka koya masa. Ga masu neman diyya kuma, duk wata tattaunawa da gwamnatocin Turai a kan takardu za a yi ta, kuma takardun da ke rage rabon Gore su ne dai ke tabbatar da miliyan 12 da rabi, da sunan jirgi, da na mai shi, da tashar da ya tashi.

A Retba lissafin na kullum ne. Dubban mutane ke ci daga gishiri da baƙi, kuma shekara biyun da tafkin ya yi kore sun bar masu kwalekwale da mata masu dako ba aiki, wasu baƙin ma'aikata suka koma ƙasashensu. In ba a sauya wa magudanun hanya ba, damina mai ƙarfi guda ɗaya ta isa ta maimaita abin. Su kuwa mazauna unguwannin da aka gina a fadama, duk ruwan da aka hana shiga tafki a tsakar gidajensu zai kwana. Tafkin yana jerin wuraren da Senegal ke neman UNESCO ta amince da su tun 2005, kuma har yanzu bai wuce wannan matakin ba.

A Ndar an riga an fara kwashe iyalan masunta daga bakin teku zuwa sabon matsuguni a cikin ƙasa, da tallafin Bankin Duniya. Gidajen suna nesa da ruwa kilomita da dama, don haka masunci sai ya biya kuɗin mota kafin ya isa inda kwalekwalensa yake.